Darasi na Tara: Inji, Ma'aikaci da Ladan Aiki

Manufofin darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana so mai koyo ya iya:

1. rarrabe sana'a da ƙananan ayyukan da ke cikinta, ya nuna waɗanda inji ya fi saurin karɓewa;
2. ba da misalin inda inji ya rage guraben aiki da inda ya ƙara su;
3. lissafa yadda kuɗin aiki ke sauya hannu bayan shigowar inji;
4. bayyana abin da ke sa wasu ma'aikata su sami rabo a ribar inji, wasu kuma su tashi a tutar babu.

Inji yana farawa ne da ƙaramin aiki

Kafin injin niƙa ya shiga garuruwa da ƙauyukan ƙasar Hausa, ƙarar taɓarya ce ke tashin unguwa da asuba. Tuwon dare yana da matakansa: a yi sussuka, a sheƙe, a surfa, a wanke, a daka ko a niƙa a kan dutse, a tankaɗe, sannan a tuƙa. Gidan da ke da hali yakan miƙa hatsinsa ga mai dakau, wadda za ta daka a sallame ta da kuɗi ko da awo. Zawarawa da mata marasa galihu da yawa da wannan suka riƙe kansu da 'ya'yansu.

Injin da ya zo bai karɓi girki ba. Mataki ɗaya ya ɗauka, amma shi ne mafi cin ƙarfi, kuma shi ne wanda ake biyan kuɗi a kansa. Matar gida ta huta, ta sami lokacin yin wata sana'a, kuma babu mai tausayin da zai so a mayar da ita gindin turmi. Mai dakau kuwa abincinta ne ya tafi. Kuɗin da ake ba ta ya koma aljihun mai inji, da yaron da ke tsaye a bakin injin fari fat da gari, da mai sayar da man dizal, da bakaniken da ke feƙe dutsen injin.

Aikin da inji ya fi saurin ɗauka shi ne wanda ake maimaitawa iri ɗaya, mai ƙa'ida tsayayya: niƙa, ƙirga kuɗi, walda a wuri guda a jikin mota, kwafe lambobi daga takarda zuwa takarda. Wanda ke buƙatar lura da halin mutum ko yanke shawara a kan abin da ba a taɓa gani ba, kamar jinya, sasanta rikici ko gyaran tsohon gini, ya fi yi wa inji wuya. Saboda haka, duk mai son sanin makomar sana'arsa sai ya fara warware ta gida-gida, ya duba kashi nawa ne a cikinta maimaici.

> Akwatin ma'ana
> Aikin inji mai sarrafa kansa: amfani da inji, kwamfuta ko manhaja wajen yin aikin da a da hannun mutum ko ƙwaƙwalwarsa ke yi, ba tare da mutum ya bi kowane mataki ba.
> Ɗawainiya: ƙaramin aiki guda daga cikin ayyukan da suka haɗu suka zama sana'a.

Masaƙan Ingila da shekara sittin na jira

Ƙasar da ta fara ganin wannan al'amari da faɗi ita ce Ingila. A ƙarshen ƙarni na 18 injinan kaɗi suka sa zare ya wadata ya yi arha, sai kakar masaƙan hannu ta yanke saƙa. Aiki ya yi musu yawa, lada ya yi kyau, jama'a suka yi ta kwarara cikin sana'ar har adadinsu ya kai kimanin 240,000 a shekarun 1820. Alhali tun 1785 Edmund Cartwright ya yi rajistar injin saƙa. Injin ya daɗe yana ba da matsala kafin a inganta shi. A 1813 guda 2,400 ne kacal a ƙasar. Zuwa 1833 sun kai wajen 100,000.

Masaƙin da ke samun sule 20 ko fiye a mako a farkon ƙarni na 19 ya wayi gari a shekarun 1830 da kusan sule 6. Ladan ya fara faɗuwa tun kafin injin ya yawaita, saboda cunkoson masu sana'ar da kuma tsayawar ciniki a lokacin yaƙin Napoleon, amma injin ne ya hana shi sake tashi.

Ba kowa ne ya yi shiru ba. A 1811 masu saƙar safa a yankin Nottingham suka fara fita da dare suna farfasa injinan masu masana'antar da ke rage lada, da ke kuma ɗaukar waɗanda ba su koyi sana'a ba don su fitar da kaya marasa inganci. Suna kiran kansu mabiya Ned Ludd, shugaban da babu wanda ya taɓa gani. Boren ya bazu zuwa Yorkshire da Lancashire. A 1812 majalisar dokoki ta mayar da fasa inji laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma a watan Janairun 1813 aka rataye mutum 17 a birnin York.

Masanin tarihin tattalin arziki Robert Allen ya auna abin da ya faru a wannan zamani. Tsakanin 1780 da 1840, abin da kowane ma'aikaci ke samarwa a Birtaniya ya ƙaru da kashi 46 cikin ɗari, amma ƙarfin ladansa kashi 12 kawai ya ƙaru. Mafi yawan ribar ta tafi ga masu jari. Sai daga 1840 zuwa 1900 lada ya riƙa tashi tare da samarwa, har ya zarce ta. A cikin wannan ƙarni an soke dokar hana kafa ƙungiyoyin ƙwadago a 1824, an yi dokokin taƙaita sa'o'in aiki a masana'antu a 1833 da 1847. Masu cewa inji yana amfanar kowa a ƙarshe suna da hujja a alƙaluma. Sai dai masaƙin da aka karya a 1815 bai ga wannan ƙarshen ba, jikokinsa ne suka gani, kuma wannan giɓi na shekara sittin shi ne abin da ya kamata ya dami duk mai tsara manufar ƙasa.

Guguwar ta iso har Kano. Lokacin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya shiga birnin a 1851, ya tarar da saƙa da rini ne ƙashin bayan arzikinsa, amma ya kuma ga yadin Manchester a kasuwa, wanda raƙuma suka ƙetaro da shi Sahara. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, akoko da atamfar inji suka shigo da yawa. Sannu a hankali mazarin mata ya koma ajiya, masaƙa suka ragu, sana'ar ta tsuke zuwa kayan ado da na biki.

> Akwatin ma'ana
> Yawan samarwa: adadin kaya ko aikin da ma'aikaci ɗaya ke fitarwa a sa'a ko a rana.
> Ƙarfin lada: abin da ladan ma'aikaci zai iya saya a kasuwa, ba yawan takardun kuɗin da aka ƙirga masa ba.

Inda inji ya ƙara aiki

A 1967 bankin Barclays ya kafa na'urar cirar kuɗi a Enfield, arewacin Landan. Da na'urar ta bazu, kowa ya ɗauka kashiyan banki ya gama yawo. A Amurka an kai kimanin na'urori 400,000 zuwa 2010, amma yawan kashiyoyi bai ragu ba a wannan tsakani, ƙaruwa ma ya ɗan yi. James Bessen na Jami'ar Boston ya bi diddigin dalili. Tsakanin 1988 da 2004 kashiyoyin da reshe ɗaya ke buƙata a birane sun ragu daga 20 zuwa 13. Buɗe reshe ya yi arha, sai bankuna suka ƙara rassansu a birane da kashi 43 cikin ɗari. Aikin kashiya shi ma ya sauya: ƙirga kuɗi ya ragu, sauraron abokin ciniki da tallata masa bashi da asusu suka ƙaru. Bayan 2010, da hada-hadar banki ta koma cikin waya, guraben suka fara raguwa da gaske.

Abin lura a nan shi ne buƙata. Idan inji ya sa abu ya yi arha, mutane kuma suka ƙara sayensa sosai, aiki na iya ƙaruwa. Idan buƙatar ta ƙoshi, aiki sai ya ragu. Noma a Amurka misali ne: a 1900 kimanin mutum 41 cikin kowane ma'aikaci 100 suna gona, a 2000 bai wuce mutum 2 ba, domin komai arhar abinci, cikin mutum yana da iyaka.

A Nijeriya ƙaramar na'urar POS ta haifar da sana'ar da ba a san ta ba shekara ashirin baya. A bakin kasuwa, tashar mota da lungun unguwa, matasa na zaune ƙarƙashin lema suna yin rabin aikin kashiya, kuma ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya ƙara musu kasuwa. Amma ya dace a kwatanta kujerun biyu. Kashiyan banki yana da albashin wata da fansho. Ɗan POS kamasho yake ci, jarin nasa ne ko na ubangidansa, kuma idan aka yi masa fashi ko aka turo masa shaidar biya ta bogi, asarar a wuyansa take.

Misali na lissafi: girbin shinkafa

Alƙaluman da ke nan na koyon lissafi ne. Mai koyo ya sauya su da farashin garinsu.

A ɗauka wani manomi yana da kadada ɗaya ta shinkafa. A da yakan ɗauki 'yan ƙwadago 10 su yanka, su buga, su sheƙe cikin kwana 2, kowa naira 4,000 a yini.

Kuɗin aiki: 10 × 2 × 4,000 = naira 80,000. Duka yana shiga hannun 'yan ƙwadago.

Bana sai ya kira mai injin girbi, wanda ya gama gonar cikin rabin yini a kan naira 60,000. Mai injin ya biya direba da mataimaka biyu naira 5,000 kowannensu, wato 15,000. Mai da gyara suka ci 20,000. Saura 25,000 nasa.

Ga yadda naira 80,000 ɗin ta rabu yanzu: manomi ya tsira da 20,000, mai inji ya sami 25,000, mai da gyara 20,000, ma'aikata 15,000. Rabon ƙwadago ya faɗo daga kashi 100 zuwa ƙasa da kashi 19 cikin ɗari. Duk da haka, mutum ukun da suka rage sun fi samun da: 5,000 a rabin yini, maimakon 4,000 a yini cur.

Lissafin bai ƙare ba, domin mutum 7 ɗin da suka rasa aiki ba ɓacewa za su yi ba. A ɗauka sun nufi gonakin albasa inda mutum 30 ke dashe a kan 4,000. Hannu ya yi yawa, masu gona suka ce 3,500 za su biya. Kowane ɗaya daga cikin mutum 30 ɗin ya rasa 500, jimla naira 15,000 a kullum, alhali injin bai taɓa taka gonar albasa ba. Ta wannan hanya ce inji ke rage ladan mutumin da ko ganinsa bai yi ba, kuma 'yan ci-rani, waɗanda ke baro gida saboda kakar girbi, su ne duka ya fi sauka a kansu.

> Akwatin ma'ana
> Rabon ƙwadago: kason da ma'aikata ke samu daga kuɗin da aiki ya kawo, idan aka ware na mai jari.

Abin da masu bincike suka auna

Daron Acemoglu, wanda ya sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2024, da abokin aikinsa Pascual Restrepo sun bi sawun mutum-mutumin masana'antu a yankunan Amurka daga 1990 zuwa 2007. Sun gano cewa ƙarin mutum-mutumi ɗaya a kan kowane ma'aikaci 1,000 yana rage lada da kusan kashi 0.4 cikin ɗari, yana kuma rage yawan masu aiki. Raɗaɗin ya fi tsanani a garuruwan ƙera motoci irin su Detroit, kuma ya fi taɓa waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba.

Injinan kuwa ƙaruwa suke yi. Koriya ta Kudu tana da mutum-mutumi sama da 1,000 a kan kowane ma'aikacin masana'anta 10,000, kuma fiye da rabin waɗanda ake girkawa a duniya kowace shekara a Sin ake girka su. Kamfanin Amazon ya sayi kamfanin Kiva mai ƙera mutum-mutumi a 2012 a kan dala miliyan 775, kuma zuwa 2023 yana da mutum-mutumi sama da 750,000 a rumbunan kayansa.

Hasashen gaba ne ke da saɓani. A 2013 Carl Frey da Michael Osborne na Jami'ar Oxford sun ce kashi 47 cikin ɗari na ayyukan Amurka suna cikin babban haɗari. A 2016 wani binciken da ƙungiyar OECD ta wallafa ya ce kashi 9 ne. Na farko ya ƙirga sana'a dunƙule, na biyu ya warware ta zuwa ɗawainiyoyi, ya ga cewa ko a sana'ar da ake wa kallon ta mutu akwai sassan da inji bai iya ba.

Tun da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022, magana ta tashi daga masu aikin ƙarfi ta koma kan masu alƙalami: akawu, mai fassara, mai zane, mai amsa kiran abokan ciniki. A farkon 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta cewa ƙirƙirarriyar basira za ta shafi kusan kashi 40 cikin ɗari na ayyukan duniya: kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a matalauta. Shafa ba kora ba ce, domin wasu ayyukan sauƙi za su samu. Ƙaramin kason ƙasashe matalauta kuma ba abin murna ba ne gaba ɗaya, tun da ƙarancin wuta da intanet na cikin dalilansa.

> Akwatin ma'ana
> Mutum-mutumin masana'anta: inji mai hannu da ake tsara wa umarni, ya yi walda, fenti ko ɗaukar kaya da kansa.
> Ƙirƙirarriyar basira: manhajar kwamfuta da ke koyo daga tarin bayanai, ta yi rubutu, fassara, zane ko tantance hoto.

Waɗanda suka zauna teburin ciniki

A watan Afrilun 1956 jirgin ruwa mai suna Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da kwantena 58, dabarar wani mai motocin dako, Malcom McLean. Kafin nan ana loda jirgi ne buhu-buhu, akwati-akwati, a kafaɗar dubban leburori, a kan kusan dala 6 kowane tan. Da kwantena kuɗin ya koma wajen santi 16. Leburorin tashoshin gaɓar yammacin Amurka, ƙarƙashin shugabansu Harry Bridges, sun ga cewa ba mai tare wannan. A 1960 suka ƙulla yarjejeniya: su bar inji ya shigo, kamfanoni kuma su riƙa zuba dala miliyan 5 a shekara cikin asusun da zai tabbatar wa ma'aikaci ladan mako ko aiki ya yi ƙaranci, ya kuma sallami dattawa da kuɗin ritaya. Guraben sun ragu ƙwarai, amma waɗanda suka rage suna cikin ma'aikatan da suka fi samun lada a ƙasar. Yarjejeniyar tana da tabo: cikakkun 'yan ƙungiya ta kare, masu aikin wucin gadi ta bar su a baya.

Maganar ba ta mutu ba. A watan Oktoban 2024 leburori kimanin 45,000 na tashoshin gaɓar gabashin Amurka da ta Tekun Mexico suka yi yajin aikin kwana uku, batun inji na cikin manyan buƙatunsu, kuma suka samu ƙarin lada na kashi 62 cikin ɗari a tsawon shekara shida.

Mai dakau da ɗan ƙwadagon shinkafa ba su da irin wannan tebur. Mafi yawan ma'aikata a Nijeriya da Nijar ba su da takardar ɗaukar aiki, balle ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsu. Ƙofar da ta fi kusa da su ita ce mallakar injin. A lissafin shinkafa, da a ce mutum 10 ɗin ne suka haɗa ƙungiyar gama-kai suka karɓi injin bashi, naira 25,000 ta mai inji da 15,000 ta ma'aikata a hannunsu za su tsaya, wato 40,000 a rabin yini, sannan su wuce gona ta gaba. Mata masu ƙuli-ƙuli da ke yin adashi su sayi injin markaɗen gyaɗa na tarayya wannan hanyar suke bi. Abin da ke tare ta shi ne tsadar injin da ruwan bashi, kuma a nan ne hukuma da bankunan manoma ke da aikin yi.

Ƙin inji ma yana da nasa farashin. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, da sauran masaƙun Kakuri da na Kano, sun riƙe dubban iyalai. Da suka riƙa rufewa a shekarun 2000, ba mutum-mutumi ne ya kori ma'aikatansu ba. Rashin wuta, tsofaffin injina da atamfar fasa-ƙwauri mai arha ne suka durƙusar da su, kuma yawancin wannan atamfa daga masana'antun Asiya masu sababbin injina ta fito.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin sana'a da ɗawainiya? Zaɓi sana'a ɗaya a unguwarku, ka jera ɗawainiyoyinta, ka ja layi a ƙarƙashin waɗanda inji zai iya yi.
2. Su wa suka amfana da zuwan injin niƙa, su wa kuma suka yi asara?
3. Tsakanin 1780 da 1840, da kashi nawa yawan samarwa ya ƙaru a Birtaniya, da kashi nawa ƙarfin lada ya ƙaru? Ina bambancin ya tafi?
4. Me ya sa kashiyoyin banki ba su ragu ba a Amurka kafin 2010, alhali manoma sun ragu?
5. Wani manomi yana biyan mutum 8 naira 3,000 a yini, kwana 3, don casar masara. Mai inji ya yi aikin a kan 45,000, ya biya mutum 2 naira 4,000 kowanne. Nawa manomin ya rage? Nawa rabon ƙwadago ya koma?
6. Ta yaya inji zai rage ladan wanda bai karɓe aikinsa ba?
7. Me ya sa alƙaluman binciken Oxford na 2013 suka bambanta da na OECD na 2016?
8. Me leburorin tashar jiragen ruwa suka bayar a yarjejeniyar 1960, me suka karɓa, su wa aka bari a baya?
9. Aikin rukuni: ku tambayi wani mai injin niƙa ko na casa a garinku kuɗin injinsa da abin da yake kashewa a mako, sannan ku lissafa mutum nawa za su haɗa adashi, na wata nawa, kafin su mallaki irinsa.